Kayan Fitowar Baban Ummi

Shafi na 23

To masu cika min waya da saƙo tun jiya, ga shi nan, sai ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa in ban sako Baban Ummi a wannan shafin ba za ki fice daga zauren karatun nan namu, 'yar'uwa nemi wuri ki zauna. Ni ma da makullin yana hannuna da tuni na buɗe masa.

*

Tun da aka rufe mijinta, Maman Ummi ba ta taɓa ɗora masa tef ɗin awo ba. Ina za ta ɗora, ga gilashi a tsakani? Da ido take auna shi. Duk ranar ziyara sai ta ƙare masa kallo tun daga wuya har ƙugu, ta koma gida ta ciro wandon da ta ɗinka masa na fitowa, ta farke, ta rage, ta ninke ta mayar akwati. Tela ce, idonta ba ya yi mata ƙarya. Ummi har tsiya take yi mata, wai in aka ci gaba a haka, ranar da Baba zai fito sai dai a nemi ɗan firamare a ba shi wandon.

Ragowar yadin ma ba ta yar ba. Jakar littattafai ta ɗinka masa da shi, ruwan toka mai igiya ɗaya, ta kai masa tun bara.

Yau dai ta gama ragi. Ta goge riga da wando ta sa a leda, ta hau motar haya da safe, saboda jibi za a sake shi, kuma dokar gidan ita ce a kawo wa mai fita kayansa kafin ranar, a bincika a ajiye masa.

Wanda ya tsinci labarin nan a tsakiya, ga shi a taƙaice. Baban Ummi direban babbar mota ne. Birki ya tsinke masa a gangare, aka rasa rai, kotu ta ɗaure shi, ta kuma ce shi da sitiyari har abada. Yana ciki gwamnati ta miƙa gidan yarin ga wani kamfani. Kamfani ya shafa fenti, ya sa fanka a ɗakin jira, ya cire ragar ƙarfen ɗakin ziyara ya sa gilashi, ya buɗe makaranta. Mutumin da ya bar aji tun yana yaro ya bi mota, sai ga shi ya kama karatu ba ji ba gani, har ya kai ga jarrabawar kammala sakandare, a shekara ɗaya da 'yarsa Ummi. Saboda karatun da kyan hali aka yi masa rangwamen shekara biyu. Da wannan rangwamen ne fitarsa ta faɗo jibi.

A tagar karɓar kaya ta tarar da gandurobar da ta saba da ita, wata mai jiki da matan layi suke kira Anti Bincike, don ko burodi ka kawo sai ta soka masa tsinke. Kullum sai ta tsokane ta, ta ce amarya an zo ganin ango. Yau ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba. Ta duba na'ura, ta dubi leda, ta turo ledar baya da yatsa.

"Ki koma da su."

Maman Ummi ta yi dariya, ta ɗauka wasan ne. Ta ce mata babu ƙarfe a jiki, ko zif ba ta sa ba, maɓallan roba ne kamar yadda aka ce.

"Ba maganar maɓalli ba ce. An ɗage fitarsa. Ki je wajen Manaja, ni ba ni da ta cewa."

Ta buɗe baki za ta tambaya, Anti Bincike ta kira mai bi mata a layi.

*

Aka ce ta jira, ta jira. Bencin da ke ƙofar Manaja yana ƙarƙashin wani ƙaton hoto ne da kamfani ya manna a bango, don duk baƙon da ya shigo ya gani. Hoton waye? Baban Ummi, riƙe da littafi, yana murmushin nan nasa na mai jin kunyar kyamara. A ƙasa an rubuta da manyan baƙi: MU GYARA MUKE YI. Da can in ta zo sai ta tsaya ta kalle shi, har nuna wa matan layi take yi. Yau ta ba shi baya ta zauna, leda a cinya, tana ta shafa karin gugar don kar ya lalace.

Manaja mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta kai wa ido. Ofishinsa sanyi ƙalau. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ya tambayi yara, sannan ya gaya mata cikin taushin murya cewa mijinta ya aikata babban laifi a makon jiya, kwamitin ladabtarwa ya zauna, kuma an soke rangwamensa.

Ta tambaye shi nawa aka soke a ciki.

"Duka."

"Ranka ya daɗe, duka kamar yaya?"

"Zai cika wa'adinsa na asali. Shekara biyu."

Ta ajiye kofin ruwan a ƙasa. Ta ce lallai an yi kuskure, ba mijinta ba ne. Mutumin da ko kaza ya taka sai ya tsaya ya ba ta haƙuri? Mutumin da hotonsa yake ƙofar nan? Manaja ya ce shi ma ya yi mamaki, wallahi ya yi mamaki, amma shaidu sun cika fili. Ranar da abin ya faru an fito ƙirgar safe, aka kira lambarsa, ya zauna a ƙasa ya ƙi amsawa. A dokar kamfani wannan bijirewa ce a gaban taro, kuma babu laifin da ya fi shi sai tsallake katanga.

Maman Ummi ba ta san sanda ta sauka daga kujera ta durƙusa ba. Ta roƙe shi don Allah, don darajar iyayensa. Ta gaya masa Ummi ta share ɗakin babanta har ta wanke labule, ta gaya wa duk 'yan ajinsu. Ta gaya masa gwiwoyinta sun fara gajiya da keken ɗinki. Manaja ya yi ta cewa ta tashi, ba ya son haka. Ya ce akwai hanyar ɗaukaka ƙara, sai ta rubuta zuwa hedikwatar kamfani, su kuma in sun zauna za su duba. Da ta tambayi yaushe suke zama, ya ce gaskiya ba a sa rana ba tukun. Shi ma ma'aikaci ne, abin da aka shimfiɗa yake bi.

Akwai maganar da matan layi suka daɗe suna yi a ƙarƙashin murya, ita kuwa kullum toshe kunne take yi, don tana ganin kamfanin nan ne ya koya wa mijinta karatu. Yau maganar ta taso mata har wuya.

"Ranka ya daɗe, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Gaskiya ne kan mutum ake biyanku? Wai duk daren da ya kwana a nan?"

Fara'ar ta ɗauke. Ya dubi agogonsa, ya ce yana da baƙi, kuma in tana son ganin mijinta ta hanzarta, yau aka fito da shi daga ɗakin horo, an yarda a yi masa ziyara 'yar gajera.

Bai ce gaskiya ne ba, bai ce ƙarya ne ba. Ni ma da nake ba ku labari ban ga takardar kwangilarsu ba, don haka ba zan rantse ba. Amma raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye muku ba.

*

Tana fitowa wani hannu ya kama gefen mayafinta ya ja ta lungun bayan matakala, inda masu shara suke ajiye bokitai. Malama ce, malamar da ke shigowa daga waje tana koyar da fursunoni, wata siririya mai tabarau. Sun san juna, don ita ce take kai tambayoyin lissafi tsakanin Ummi da babanta. Idon Malama ya yi ja.

Maman Ummi ta ce mata sharri aka yi masa, ko? Wani ne ya tsane shi a cikin gandurobobi, ko?

Malama ta girgiza kai.

"Babu wanda ya yi masa sharri. Shi ya yi. Da gangan."

Ta leƙa hanya, ta ga babu kowa, sannan ta zayyana mata da sauri-sauri. Jarrabawa saura makonni kaɗan, fitarsa kuma ta riga jarrabawar. Lambarsa ta jarrabawa ta cibiyar cikin gidan yari ce, ba za a zauna da ita a wani wuri ba, rajistar waje kuma an rufe tun tuni. Wata da watanni Malama tana bin Manaja a bar shi ya riƙa shigowa daga gida ranakun jarrabawa kawai, ya rubuta ya tafi. Manaja ya ce wanda ya fita ya fita, kamfani ba ya ɗaukar nauyin mutumin waje. Ta rubuta, ta roƙa, ta kai ƙara sama, shiru. Ranar da ta gaya wa Baban Ummi sai ya ce mata, Malama in na fita babu lasisi babu takarda, me zan je in yi, in zauna matata tana ciyar da ni?

Daga nan ya je wajen Lauya.

Lauyan nan ba lauya ba ne, ko ƙofar makarantar shari'a bai taɓa gani ba. Wani tsohon fursuna ne da ya daɗe a gidan tun zamanin gwamnati, duk laifin da ka ambata zai gaya maka hukuncinsa daga ka. Shi ya ce masa abu mai sauƙi ne: ka ƙi amsa lambarka a ƙirga, wata ɗaya za a ƙara maka, ba duka ba zagi. Ya ce shi da kansa ya ga an yi, mutum biyu ma. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya gani. Sai dai a zamanin gwamnati ya gani. Kamfani ya zo da nasa littafin doka, yana can ofis, babu fursunan da ya taɓa riƙe shi.

Malama ta ce wai da aka kira lambarsa sai ya zauna a hankali, ya naɗe ƙafa, ya ce wa ganduroban, ranka ya daɗe ka yi haƙuri, yau ba zan amsa ba. Ganduroban har ya sunkuya yana tambayarsa ko ba shi da lafiya ne.

Maman Ummi ta jingina da bango. Dariya ta so ta taso mata, kuka ya danne ta. Wannan dai mijinta ne, babu ko tantama. Ko laifi zai yi sai ya nemi izini.

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce to shi ke nan, tunda takarda ya zaɓa ya bar su, Allah Ya ba shi sa'a. Ko ba komai zai fito da abin da ya zauna dominsa.

Malama ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Malama, mene ne?"

"Duk wanda ya shiga ɗakin horo ba ya zana jarrabawa."

"Ban gane ba."

"An cire shi daga aji. Yau da safe aka sa ni na goge lambarsa daga kan tebur."

Ta yi mata bayani, duk da Maman Ummi rabi-rabi take ji. Kamfani yana nuna wa masu sa ido daga gwamnati cewa 'yan ajinsa babu mai laifi ko ɗaya, da wannan yake taƙama in an zo sabunta kwangila. To hanyar da ake bi a tabbatar da haka ita ce, duk ɗan ajin da ya yi laifi a cire shi kafin baƙi su zo. An ce ta tattara littattafansa a ba iyalinsa, ta zuba su a kwali ta ɓoye bayan ƙofar aji, ta kasa fito da su.

"Ya sani?"

"Bai san ko ɗaya ba. Yana ɗakin horo aka yanke. Sai gobe za a karanta masa."

Malama ta kama hannunta biyu ta riƙe. Ta ce don girman Allah kar ta gaya masa yau. Ɗakin ziyara cike yake da gandurobobi, in ya ji ya ɗaga murya, ko ya bugi gilashi, wannan kuma ba kwamiti ba ne, kotu ce, sabon ɗauri ne. Ta roƙi a bar ta ta kasance a wurin gobe in za a karanta masa, ko ta samu ta riƙe shi da baki. Iyakar abin da za ta iya ke nan. Ita ma a kwangila take, in ta cika surutu gobe wata ce a gaban allon.

Maman Ummi ta tambaye ta, to da wace fuskar za ta shiga?

Malama ta mayar da tabarau, ta leƙa hanya, ta wuce.

*

Zamanin ragar ƙarfe ɗakin ziyara wari yake yi, ga zafi, ga hayaniya, amma mutum yana iya zura yatsa ya taɓa na ɗan'uwansa. Yanzu wuri tsaf, ƙamshin sabulun goge ƙasa, gilashi mai 'yan hudoji da za ka kara bakinka ka yi magana. Ta zauna a kujerar da aka nuna mata, ta tura ledar ƙarƙashin kantar da ke jikin gilashin don kar ya gani.

Aka shigo da shi. Idon tela ya yi aikinsa tun kafin ta hana shi: wuyan rigar fursuna ya ƙara sauka, ƙugu ya ƙara shiga. Wandon da ke ledar ya yi masa yawa kuma.

Ya zauna yana sosa ƙeya, yana murmushi irin na yaron da ya fasa kwano yana jiran hukunci.

"Maman Ummi, kin ji ko?"

Ta yi niyyar yin shiru, wallahi ta yi niyya. Amma da ta ga murmushin nan sai abin ya ƙwace mata. Ta kara bakinta a hudojin gilashin, murya ƙasa-ƙasa don masu tsaro, ta wanke shi tas. Ta ce ashe haka ya ɗauke ta, ita da ke hawa mota ta sauka ta hau wata don ta ga fuskarsa, ba ta isa ya yi shawara da ita ba sai da wani tsohon da ya kasa fitar da kansa? Ta ce shekarun nan duk wanda ya mutu a danginsa ita ta je gaisuwa, duk wanda ya haihu ita ta je barka, ana nuna ta da baki ana cewa ga matar fursuna, ta haɗiye. Ummi ta yi zazzaɓin da ta ɗauka ba za ta tashi ba, ita kaɗai a bakin gado, da ta zo ziyara ta ce masa kowa lafiya. Ta ce ba ta taɓa neman takarda a wurinsa ba. Mutum take nema, wanda zai yi sallama a ƙofa ya shigo.

Ya sunkuyar da kai yana ji, bai katse ta ba. Da ta tsaya shan numfashi ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma ya san in ya gaya mata ba za ta yarda ba, shi ya sa bai gaya mata ba.

"Na gaji da a riƙa kawo min abinci, Maman Ummi. A nan an kawo min, in na fita ma ki kawo min?"

Ta kau da kai.

Ya ce akwai wani wurin ajiyar kaya da Malama ta ce suna ɗaukar irinsu, masu kula da shiga da fitar motoci, amma sai da takardar sakandare. Shi kuwa wa ya kai shi sanin mota? Ya riga ya tsara komai. In ya fara aiki abu na farko zai saya mata keken ɗinki na lantarki, ta huta da taka ƙafa. Yana magana idonsa na haske, har da nuna mata da hannu inda za a ajiye keken a tsakar ɗaki, kusa da taga.

"Wata ɗaya ne fa. Wadda ta yi haƙurin shekaru, wata ɗaya zai gagare ta?"

Nan ne ta ji maganar ta zo mata bakin leɓe. Ta dubi ganduroban da ke tsaye bayansa, hannu a kan kulki. Ta dubi wani a bakin ƙofa. Ta cije leɓe ta mayar da ita ciki.

"Wa ya ce maka wata ɗaya ne?"

"Lauya mana. Ai shi a kansa dokar gidan nan take."

Ya yi dariya. Ya ce ɗakin horon ma bai kai yadda ake faɗa ba, duhu ne kawai da sauro, kuma har ya amfane shi. Ta gaya wa Ummi lissafin nan da ya gagare su su biyu, na jirage biyu masu tashi daga tasha daban-daban, ya warware shi. Babu biro babu takarda, da yatsa ya yi ta zanawa a bango har ya fita. Ashe tun farko a wajen mayar da mintoci awa suke kuskure. Ta gaya mata haka, za ta gane.

"Ki ce mata ranar da za ta shiga ɗakin jarrabawa, ni ma ina zaune a nawa. Takarda ɗaya za a miƙa mana. In ta ji tsoro ta tuna babanta ma yana can yana gumi."

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba. Shi ya ɗauka na fushi ne, ya shiga lallashi, yana cewa haba uwar ɗakina, haba telar teloli. Ya tambayi kayan fitowarsa. Ta ce suna nan. Ya ce to kar ta ƙara rage wandon, ta bar shi haka, in ya dawo gida ya ci girkinta sati biyu zai cika shi.

Ta ce to.

Abin da ta iya cewa ke nan, jama'a. To. Ni da nake rubutawa na ajiye wayar na tashi na zaga tsakar gida kafin na dawo, don na rasa yadda zan yi da matar nan. In ta faɗa ta hallaka shi, in ta yi shiru ta yaudare shi, kuma ko wanne ta zaɓa shekara biyun tana nan ba ta motsa ba.

Ganduroban bayansa ya ce lokaci ya kusa. Baban Ummi ya ɗora tafin hannunsa a gilashi kamar yadda suka saba. Ta ɗaga nata za ta ɗora. A ranta tana cewa Allah Ka fitar da ni daga ɗakin nan lafiya, gobe Malama ta ji da sauran.

Sai ƙofar bayanta ta buɗe.

Anti Bincike ce, rungume da kwali, tana haki. Ita ba ta san komai ba, aike aka yi mata. Ta ce tun ɗazu take nemanta, Manaja ya zaga ya ga kayan nan bayan ƙofar aji, ya ce kar su kwana a gidan. Maman Ummi ta miƙe tana yi mata alama da ido, tana girgiza kai, tana ƙoƙarin tare ta da jiki. Ina. Matar ta riga ta dire kwalin a kan kantar, dab da gilashi.

"Ga kayan makarantar mijinki. Ki duba in sun cika kafin ki tafi."

Bakin kwalin a buɗe yake. A sama jakar nan ce, ruwan toka, igiyarta ta zubo waje.

Hannun Baban Ummi yana kan gilashi har yanzu. Ya dubi jakar. Ya dubi matarsa. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, ya tsaya a rabi. Ganduroban bayansa ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya ce lokaci ya yi. Bai motsa ba.

"Maman Ummi."

Ta kasa ɗago ido.

"Maman Ummi, ina za a kai min littattafaina?"